Tsamin da Baba Kofur Ya Kawo Daga Bama

Shekaranjiya ina zaune a ƙofar gidan burodin nan ina shan iska, na ji ɗaya daga cikinku yana gaya wa abokinsa wai aikin burodi ba aiki ba ne, fulawa ce da ruwa da yis, inji ya murza, wuta ta gasa, kai kuwa ka naɗe hannu. Ban tanka ba, don tsoho in ya cika tankawa sai a ce ya fara ruɗewa. Amma maganar ta tsaya mini a rai. To ku matso, yau sai kun ji yadda na shiga sana'ar nan, da yadda saura ƙiris in kashe ta da hannuna.

Na zo garin nan tun sunansa Abuja, kafin gwamnati ta ɗauke sunan ta kai wa sabon birni, mu aka bar mu da Suleja. Shekaruna ashirin da 'yan kai, kuma na yi shekara uku a wani babban gidan burodi a Kaduna, inda ake aiki da sikeli da agogo da yis na gwangwani. Saboda haka ina tafe ina jin babu wanda ya kai ni. Kawuna ya kai ni unguwar Bagama wurin wani tsoho, Malam Haruna, wanda duk garin ba a kiransa da wannan suna sai Baba Kofur. Ɗan mazan jiya ne, ya yi yaƙin duniya na biyu, wanda mutanenmu suke kira yaƙin Bama. Ya dube ni sama da ƙasa, ya juya tafin hannuna kamar mai sayen akuya, ya ce, "Me ka iya?"

Na ce, "Komai, Baba."

Ya ce, "Madalla. Shekara talatin muna neman wanda ya iya komai, yau Allah Ya kawo mana shi har gida."

Daga ranar sunana Shu'aibu ya ɓace, na koma Ɗan Kaduna.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai tanderu na laka da ya gina da hannunsa, mai kauri, kamar ƙaramin rumbu, a ciki ake hura wuta sannan a kwashe garwashin a jera burodi. Itacen ƙirya yake so, don garwashinsa yana daɗewa. Akwai kwamin katako na kwaɓi, tsawonsa ya kai mutum ya kwanta a ciki. Gwangwanayen burodi kuwa daga garwar kananzir maƙeri ya yanko masa su. Ba shi da abin auna zafi. In yana son ya san ko tanderu ya yi, sai ya watsa fulawa kaɗan a ƙasan, ya shiga taka ƙafa a wuri ɗaya yana "lef-rai, lef-rai" irin na fareti. In fulawar ta yi ja a taku goma sha biyu, a zuba burodi. In ta yi baƙi a taku shida, a jira. Na yi dariya a ɓoye ranar farko, amma har ya bar duniya ban ga burodinsa ya ƙone ba, ni kuwa da agogona na ƙona ba sau ɗaya ba.

Dokokinsa biyu ne suka fi damuna. Ta farko, ba a wanke kwami, sai dai a kankare shi. Ta biyu, ba a jefar da gwangwani. Ko kana sauri kamar me, sai ka sunkuya ka ajiye shi a hankali. Na ɗauka tsumulmula ce, ba ya son su lotse.

Aikin da ya fara sa ni shi ne in share ɗakin ajiya. A kusurwa na ga wata baƙar tukunyar Gwari mai murfi a kan duwatsu uku. Na buɗe, wani tsami ya doki hancina, ga kwaɓi a ciki yana kumfa. Na ɗauko ta na nufi bola, ina cewa, "Baba, ga wani kwaɓi nan ya ruɓe." Ban taɓa ganin tsoho ya yi tsalle irin na ranar ba. Ya karɓe tukunyar ya rungume, ya ce, "Gaishe ta, mara kunya! Ta girme ka, ta girmi uwarka."

Wannan ce Tsohuwa. Ita ce yis ɗinmu. Kwaɓi ne mai rai, a ɗebi rabinsa a tayar da kwaɓin ranar, a mayar masa da fulawa da ruwan da ya kwana a randa, kafin wani lokacin ya sake tasowa. Sau biyu ake ba ta abinci, bayan asuba da bayan la'asar, kuma Baba Kofur ba ya karya kumallo sai ta ci. In damina ta yi sanyi sai ya lulluɓe ta da bargonsa na soja. Burodinta yana da ɗan tsami-tsami a baki, yana kwana uku bai yi fumfuna ba, kuma in ka tsoma shi a shayi ba ya narkewa. Masu shayin tasha ba sa karɓar na kowa sai namu, don direbobi sukan tambaya.

Labarinta a bakin kwami na ji shi, muna murza kwaɓi gumi yana zuba. Baba Kofur bai kai kansa soja ba. An aiko wa mai garinsu a ba da mutane, shi kuwa maraya ne mai ƙarfi, sai aka nuna shi. Daga Kaduna sai Ikko, daga Ikko sai jirgin ruwa, ya yi ta amai har Indiya. A can aka sa shi kukun hafsoshi, aka haɗa shi da wani Ba'indiye mai gasa burodi, sunansa Karimu. Ba mai jin yaren wani. Ranar da Karimu ya gan shi yana alwala da gwangwanin madara, ya yi masa sallama, shi ke nan aka ƙulla. Da hannu ya koya masa aikin duka. Da za a tura su Baba Kofur dajin Bama, Karimu ya gutsuro kwaɓi daga tukunyarsa, ya nuna gemu, ya nuna sama sau biyu, wato na kakansa ne. Ya kafa masa sharaɗi biyu.

"Na farko, ta ci kafin in ci," in ji Baba Kofur.

Na ce, "Na biyun fa?"

Ya ce, "Murza kwaɓi, Ɗan Kaduna, bakinka ya fi hannunka aiki."

Haka ta shiga daji ta fito. Fulawa daga jirgin sama ake jefo musu da laima, kuma ko an rage wa hafsoshi, Tsohuwa sai ta samu nata. Bayan yaƙi ya ji an raba Indiya biyu, maƙwabta sun karkashe juna. Bai san ɓangaren da Karimu ya faɗa ba, bai san ko gidansu ya tsira ba. Yakan ce mai yiwuwa abin da ya rage na gidan Karimu a duniya shi ne abin da ke cikin tukunyar nan.

Da hantsi, in masu shayi da malaman makaranta sun taru suna jiran burodi ya huce, sukan tsokane shi da tambayar me ya haɗa shi da Jafan har ya je yaƙarsu. Yakan ce, "Ko akuyata ba su taɓa ci ba." Daga nan sai wa'azi. A wurinsa, yaƙin nan a ƙofar gidan burodi ya fara. Wani hafsa ya ba shi labari cewa bayan yaƙin farko, waɗanda suka ci nasara sun ɗora wa Jamus tara mai nauyi, suka ƙwace mata ƙasashe har da Kamaru nan maƙwabciyarmu, kuɗinsu ya lalace har mutum yakan turo su a baro ya sayi burodi ɗaya. "Mutum yana jin yunwa, yana jin kunya," in ji shi, "sai ga wani mai baki ya hau tebur ya ce ga waɗanda suka jawo muku. To me kuke jira? Kwaɓi in ka danne shi ka rufe, ka sa shi a zafi, ta gefen murfi yake fitowa." Mu dai mun san duk abin da ya faru a duniya, in Baba Kofur ne zai faɗa, sai ya biyo ta burodi.

Amma a kan abin da yaƙin ya bari, babu mai musu da shi. Kafin yaƙi wa yake cin burodi a garin nan? Abincin Nasara ne. Sojoji suka dawo da bakin da ya saba da shayi, suka dawo da tuƙi da kanikanci da ɗinkin keke. Yakan ce sun kuma dawo da ido, don sun ga Bature yana gudu, sun gan shi yana kuka yana kiran uwarsa, kuma wanda ya ga haka ba ya ƙara tuɓe takalmi don ya hango farar hula. Shi kansa ya dawo da zazzaɓin da ke kayar da shi kowace damina. Wasu kuma ba su dawo da komai ba, don ba su dawo ba.

Muguwar shekararmu ita ce wadda jiragen ruwa suka cunkushe a tashar Ikko, kaya suka kasa sauka. Fulawa ta yi wuya, yis kuwa ko na magani babu. Sababbin gidajen burodi biyu da suka buɗe suna yi mana kallon 'yan gargajiya, duk suka kulle ƙofa. Mu kaɗai muka rage, don in dai an samu buhu ɗaya, Tsohuwa za ta tashe shi. Nan na fara sassauta kafaɗa, na daina ambaton Kaduna.

A tsakiyar marka aka yi kwana uku ana ruwa. Fulawa ta ƙare sai mudu ɗaya na abincin Tsohuwa, ga zazzaɓi ya kwantar da Baba Kofur, yana kakkarwa har haƙoransa na haɗuwa. Matarsa, wadda muke kira Iya, ta zo ta cire bargon daga kan tukunya ta lulluɓa masa, ta ce ai mai rai da baki ya fi. Ya kira ni ya ce, "Ɗan Kaduna, ga amana. Kada ta ji sanyi."

Ɗakin ajiya yana yoyo. Na duba, na ga tanderu kwana biyu ba a hura shi ba amma da sauran ɗumi a cikinsa, ga shi a bushe. Na ce kai, Shu'aibu, Allah Ya yi maka basira. Bayan la'asar na ba ta abinci, na tura tukunyar can ƙurya na rufe bakin. Da yake babu aiki, na ɗebi ruwan zafi na wanke kwamin nan tas, yadda ake yi a Kaduna, ina cewa in tsoho ya tashi zai ga tsabta. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Washegari na fito daga masallaci ke nan, sai ga wani direba yana ƙwala mini kira daga nesa, wai an samo mana buhu biyu, suna tasha. Murna ta ɗauke mini hankali. Tanderun da ya huce yana son doguwar wuta, don haka na ruga na cusa ƙirya ta bakin, na banka wuta, na tafi ɗauko fulawa. Na dawo da mai amalanke ina ta raha, sai wani ƙamshi ya tare ni tun daga kan kwana, ƙamshin burodi mai daɗi irin wanda ban taɓa ji ba. Na ce wa yake gasa burodi a unguwar nan? Ban rufe baki ba na tuna da tukunyar.

Na kwashe wutar da hannu da ƙafa, na jawo tukunyar. Murfin ya tashi gefe. Tsohuwa ta kumbura ta yi jawur, ta ɗauki siffar tukunya. Abin da ya tsallake Jafan da teku da shekara talatin, ni Ɗan Kaduna na gasa shi kafin hantsi.

Na ɗauke ta a tsumma na shiga ɗakin Baba Kofur, na durƙusa. Na ce, "Baba, na yi ɓarna."

Ya leƙo daga bargo, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Kwamin fa? Je ka kankaro abin da ya maƙale, ko kamar ƙwayar gero ne zai tashi."

Na ce, "Na wanke shi jiya. Da ruwan zafi."

Can ya ce, "Ta dai gasu da kyau?" Na ce ta gasu. Ya ce to, ya juya fuskarsa bango. Da ya zage ni ko ya mare ni da na fi samun sauƙi. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Don in gyara, na ce wasu a Kaduna da bammi suke tayar da kwaɓi. Daga cikin bargo ya ce, "Ka gasa mini tsohuwa, yanzu kuma masallata za ka ba giya su karya?" Na ce to a kafa sabon tsami, kwana goma zai tashi. Ya ce in kafa wa kaina in na buɗe nawa gidan. Shi amana aka ba shi ya kasa riƙewa, kuma ba zai tsaya gaban tanderu da kwaɓin da bai san asalinsa ba. A sayar da fulawar, a rufe ƙofa.

Iya ce ta ja ni bayan ɗaki. Ta ce, "Shu'aibu, share hawayenka, ƙato da kai. Tsohuwa tana da 'yar'uwa a Izom."

Ashe sharaɗin Karimu na biyu shi ne kada a ajiye ta a tukunya ɗaya. A Bama akwai wani Bagwari Kirista, Yohanna, cikin masu ɗaukar kaya, shi ya riƙa ɗaukar gwangwanin Tsohuwa a kafaɗa cikin daji. Tare suka dawo, tare suka gina tanderun nan, kowa da tukunyarsa. Shekara goma sha ɗaya kafin ɓarnar tawa, wata rana da hantsi layi ya cika, tayar wata babbar mota ta fashe a bakin titi. Kafin mutane su waiga, Baba Kofur yana ƙarƙashin kwami ya rufe kai da hannu yana ihun a kwanta. Yohanna kuwa ya tsaya yana ƙyaƙyata dariya har da hawaye, jama'a suka taya shi. Baba Kofur ya fito ya kakkaɓe riga, kuma daga ranar bai ƙara yi masa magana ba. Bayan wata guda Yohanna ya ɗauki tukunyarsa da iyalinsa ya koma Izom noman doya. A nan na gane dokar gwangwani, ashe ba lotsewa yake gudu ba, ƙarar ce.

Ban jira ba, na hau motar Izom. Daga kasuwa aka nuna mini hanya, na yi ta ratsa kunyoyin doya har na fara zaton an ɓatar da ni, sannan na iske gidan a bayan wani dutse, shi kaɗai. Yohanna gajere ne, kakkaura, kansa fari fat. Na gaishe shi na ba shi labari tiryan-tiryan. Ya fashe da dariya har yana dafe ciki, raina ya ɓaci, amma na lura hannunsa yana rawa a kan gwiwarsa. Da ya lafa ya ce, "Tawa tana nan, kowace Lahadi nake gasawa. Amma ba ta bin yaro. Ka ce wa Kuku ya zo da ƙafarsa."

Na kai saƙo. Baba Kofur ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba ya zuwa. Iya tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne, balle wadan naka ne. Kuma in Karimu ya tambaye ka gobe ƙiyama, sai ka ce masa fushi kake yi." Kwana biyu masu shayi suna zuwa suna komawa da kwali wayam, ni kuma ina juya buhunan fulawa kada danshi ya kama su. A rana ta uku na zo na tarar da shi zaune cikin tsohon kakinsa, yana ɗaura igiyar takalmin soja, jikinsa duk ba ƙwari. Ya ce, "Ɗauko gawar, naɗe ta a bargo. Ɗauko tukunyar kuma."

A cikin gonakin doya sau biyu yana tsayawa ya huta, na miƙa masa hannu ya harare ni. Yohanna ya hango mu ya miƙe. Suka tsaya ƙiƙam suna kallon juna, ni ina tsakiya da kaya kamar ɗan dako.

Yohanna ya ce, "Kuku, ka tsufa."

Baba Kofur ya ce, "Alfadari, kai ko tsawo ba ka ƙara ba." Sunan da suke kiransa da shi a soja ke nan, saboda ɗaukar kaya. "Ba don kai na zo ba."

"Na sani."

"Ka yi mini dariya a gaban mutanen da nake sayar wa burodi. Kai da ka san abin da na gani. Kai da muka kwana rami ɗaya."

Yohanna bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce, "Kuku, daga titi zuwa nan tafiyar nawa ka yi?"

"Ta isa ta kashe mai zazzaɓi."

"Ubana yana da fili a bakin kasuwa, ka san shi. Don me kake tsammani na zo bayan dutse na yi gini? Nan ba a jin mota." Ya miƙa hannunsa, yana rawa. "Ranar nan ƙafafuna ne suka ƙi motsi, da ka same ni a ƙarƙashin kwamin kafin kai. Ni abin ta dariya yake fito mini, tun a can, ka manta? In ban yi ta ba ihu zan yi. Na jira ka tambaye ni, ba ka tambaya ba, ni kuma kunya ta hana ni faɗa."

Baba Kofur ya daɗe yana kallon hannun nan. Sannan ya ce, "Shekara goma sha ɗaya, kai ko jaki ne da ka yi magana." Ya kama hannun da nasa biyu ya riƙe. Na juya ina kallon doya, don idona ya cika.

Matar Yohanna, Mama Saratu, ta fito da tukunya baƙa, sak irin tamu, ashe ita ta gina su duka biyun. Baba Kofur ya buɗe, ya sunkuya ya shaƙa, ya ce, "Salamu alaikum, Tsohuwa." Ya lakato ya ɗanɗana, ya ce ana cika mata ruwa. Yohanna ya ce wanda ya gasa tasa ba shi da bakin magana.

Mama Saratu ta dafa shayi, aka warware bargo. Sai da Yohanna ya sa adda kafin gasasshiyar ta rabu. Ga tauri, ga tsami kamar tsamiya, amma Baba Kofur ya ce ko ɓurɓushi ba za a zubar ba. Ya ɗaga hannu ya yi wa Karimu addu'a, in yana raye Allah Ya rufa masa asiri, in ya rasu Allah Ya jiƙansa, ya ambaci wasu sunaye da ban sani ba, Yohanna yana ta amin yana ƙara waɗanda ya manta. Muka tsoma muka ci. Ni aka ba babban yanki, wai mai gashi ya fi kowa haƙƙi.

Ba a gama kofin farko ba Baba Kofur ya ɗauko zancen baron kuɗi da Jamus. Yohanna ya ce, "Har yanzu ba ka bar wannan tatsuniya ba? Jafan burodi take ci? Shinkafa take ci! Haɗama ce kawai. Manya sun raba duniya kamar naman watanda, waɗanda suka zo a makare suka ce sai an sake rabo, suna son roba da mai da ƙasar mutane. Mu da ba a ba ko ƙashi ba, mu aka aika."

"Yunwa ce, Alfadari."

"Haɗama ce, Kuku."

Mama Saratu ta dube ni ta ce, "Ɗana, ƙara shayi. A nan suka tsaya wancan karon."

Da la'asar aka raba Tsohuwa biyu, aka zuba rabi a tukunyarmu. Na sunkuya zan ɗauka, su biyun suka daka mini tsawa a tare. Yohanna ya saɓa ta a kafaɗa, ya ce shi ya fito da ita daga Bama, shi zai kai ta titi. Mama Saratu ta ce ya yi shekaru bai taka bakin titin ba sai dole. Muka tafi a jere, har muka tsaya gefen kwalta muna jiran mota. Wata babbar mota ta taho da gudu, ƙarafanta suna kwaramniya. Na ga wuyan tsofaffin nan ya sanƙare. Baba Kofur ya kai hannu ya riƙe wuyan hannun Yohanna, bai saki ba sai da ƙarar ta ɓace. Babu wanda ya kwanta, babu wanda ya yi dariya.

Kwana biyu bayan nan muka fitar da burodi, masu shayi har da guɗa. Baba Kofur bai kore ni ba. Ya dai sa Mama Saratu ta gina tukunya ta uku, ya ce in kai gidana, wai wanda ya taɓa gasa ta ya fi kowa sanin darajarta.

Duk sun riga mu gidan gaskiya yanzu, Allah Ya jiƙan namu, Ya kyauta namu ƙarshen. Tukunyar da kuke gani bayan injin kwaɓi, wadda kuke toshe hanci in kun wuce, ita ce. Ɗaya tana gidana, ɗaya tana Izom wurin jikar Yohanna. Burodin nan na Juma'a da tsofaffi suke aiko a ajiye musu, da ita nake tayar da shi. Shi wanda ya ce fulawa ce da ruwa, na san muryarsa, gobe bayan asuba shi zai ba ta abinci, kuma ba zai karya ba sai ta ci. Saura kuma in ƙara jin wani ya jefar da gwangwani a gidan nan. Ku sunkuya ku ajiye shi a hankali.